Tsakanin aji shida da sakandare: inda 'yan mata ke salwanta

Wanda ya ɗauki alƙaluman duniya a dunƙule zai iya cewa maganar an bar 'ya'ya mata a baya wajen karatu ta zama tsohon zance. A ƙiyasin da hukumar UNESCO ta fitar a 2023, yara da matasa miliyan 250 ne ba sa zuwa makaranta, kuma mata a cikinsu miliyan 122 ne. Ke nan mazan ma sun ɗan fi yawa. A da ba haka abin yake ba. Lokacin da ƙasashe suka taru a Jomtien ta ƙasar Tailan a 1990 suka ɗauki alkawarin ilimi ga kowa, takardar bayan taron ta ce yara fiye da miliyan 100 ne ba su da hanyar shiga firamare, kuma aƙalla miliyan 60 daga cikinsu mata ne. An sake zama a Dakar a 2000, aka tsayar da 2005 a matsayin shekarar da za a daidaita maza da mata a firamare da sakandare. Wa'adin ya wuce ba a cika ba, amma an yi tafiya mai nisa, kuma wanda ya musa wannan bai yi adalci ba.

Sai dai dogaro da wannan jimillar kallon kitse ne ake yi wa rogo. Abin da ya daidaita lissafin, ban da ci gaban da mata suka samu, shi ne a wasu wuraren maza ne ke gudun aji. A Lesoto yara maza na can bayan dabbobi a kan tsaunuka, 'yan'uwansu mata na makaranta. A yawancin ƙasashen Latin Amurka da yankin Karibiyan, da ma Filifins, samari ne suka fi barin sakandare su shiga neman kuɗi. Idan aka haɗa wannan da halin da ake ciki a Chadi, da Sudan ta Kudu, da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, da karkarar Pakistan, sai takarda ta nuna an yi kunnen doki, alhali matsaloli biyu ne daban, kowace na cin nata yaran. Giɓin da ke kan 'ya'ya mata bai gushe ba, matsawa ya yi. Ya tattara a gidajen matalauta, a ƙauyuka, a wuraren da ake yaƙi, kuma ya fi tsanani a wani ɗan tsakani na rayuwar yarinya: daga shekara 11 zuwa 15, lokacin da take gama firamare jikinta kuma yana sauyawa.

A aji ɗaya, a yawancin ƙasashe, za ka tarar da mata da maza kusan kai ɗaya. Ka koma wannan ajin bayan shekara shida ko bakwai ka sake ƙirgawa. A nan ne labarin yake.

An saba bayyana wannan da kalma ɗaya, a ce al'ada ce, ko a ce jahilcin iyaye. A ganina wannan bayanin ragon bayani ne, kuma shi ya sa ake ta kashe kuɗi a tarukan wayar da kai ba tare da aji ya cika ba. Mafi yawan iyayen da ke cire 'yarsu daga makaranta ba ƙinta suke yi ba. Lissafi suke yi, irin na wanda abin hannunsa bai kai ba, kuma idan ba a fahimci lissafin ba, ba za a iya sauya sakamakonsa ba.

Ɗauki gida mai 'ya'ya biyar, wanda abin da ake samu a shekara zai iya riƙe biyu ko uku a makaranta. Ko an ce karatu kyauta ne, akwai kayan makaranta, akwai littattafai, akwai kuɗin jarrabawa, akwai abin da malamai kan ce a kawo lokaci-lokaci. Wannan shi ne kuɗin da ake gani. Akwai wanda ba a gani, wato aikin da yarinyar za ta bari idan ta tafi aji. Kafin ƙararrawar safe ta ɗebo ruwa, ta hura wuta, ta yi wa ƙaninta wanka, ta goya na goye domin uwar ta samu ta fita nema. Duk awa shidan da za ta yi a makaranta, wani ne zai ɗauki wannan nauyin, kuma a gidan babu wanin. Asusun UNICEF ya ƙiyasta a 2016 cewa 'yan mata masu shekara 5 zuwa 14 suna kashe lokacin da ya zarce na maza tsaransu da kashi 40 cikin 100 a aikin gida, abin da ya kai ƙarin awa miliyan 160 a kowace rana a faɗin duniya. Daga shekara 10 zuwa 14 tazarar tana kaiwa kashi 50. Wato daidai lokacin da karatu ke ƙara nauyi, lokacin ne gida ya fi bukatarta.

Sai kuma tambayar da ba a cika furta ta a fili ba: wa zai ci moriyar karatun? A al'ummomi da yawa, daga Afirka har kudancin Asiya, ɗa namiji ne ke zama kusa da iyaye ya riƙe su idan sun tsufa, ita kuwa mace ta koma dangin miji. Harsunan sun bambanta amma maganar ɗaya ce: "Ai gidan wani za ta." Ko kuma, "Ta iya karanta sunanta, ya isa haka." Amfanin karatun mace ba abin jayayya ba ne. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2010 ya danganta kusan rabin raguwar mace-macen ƙananan yara da aka samu daga 1970 zuwa 2009 da ƙaruwar ilimin mata. Amma duba wanda ke samun wannan amfanin: 'ya'yan da za ta haifa, gidan da za ta shiga, ƙasa baki ɗaya, nan da shekara 15 ko 20. Wanda zai biya kuwa uba ne da uwa, yau, daga aljihun da babu komai. Duk inda mai biya daban, mai cin riba daban, abin ba ya tafiya da kansa sai hukuma ta sa hannu.

Ana ganin wannan lissafin ƙarara idan shekara ta yi muni. Wata mai bincike, Martina Björkman-Nyqvist, ta bi alƙaluman ruwan sama da na rajistar makarantu a gundumomin Yuganda na tsawon shekaru, ta gano cewa idan damina ta gaza, manyan 'yan mata ne ke raguwa a aji, maza kuwa lambarsu ba ta motsi. Bayan an soke kuɗin makaranta ma, fari bai daina taɓa matan ba, sai dai ya koma yana bayyana a sakamakon jarrabawarsu. Suna cikin rajista, amma aikin gida ya cinye lokacin bitarsu. Yarinyar ita ce abin da gida ke ragewa idan an shiga matsi.

Wannan ne ya sa matakin da ya fi kowane shigar da mata makaranta bai ma ambaci mata ba. Malawi ta soke kuɗin firamare a 1994, yara suka tashi daga kusan miliyan 2 zuwa kimanin miliyan 3 cikin shekara guda. Yuganda ta bi a 1997, daga kimanin miliyan 3 zuwa fiye da miliyan 5. Kenya ta yi nata a 2003, yara fiye da miliyan ɗaya suka ƙaru. Waɗanda suka kwararo su ne waɗanda kuɗi ya tsare a gida, kuma da yawansu 'ya'ya mata ne na talakawa. Da iyaye ƙin karatun mata suke yi don kansa, da sun bar su a gida ko da an ce kyauta ne.

To amma firamare ce aka buɗe. Sakandare ta fi tsada, ta fi ƙaranci, kuma ta fi nisa. Nisan nan shi ne abin da masu zama a birni suka fi rainawa, alhali a wurin 'ya mace yana iya zama shi ne komai. Uban da zai bar ɗansa ya taka kilomita bakwai ta cikin daji ba zai bar 'yarsa mai shekara 13 ta yi haka ba, kuma duk mai 'ya ya san dalili. A lardin Ghor na Afganistan, kafin Taliban su dawo, Dana Burde da Leigh Linden sun gwada buɗe ƙananan makarantu a cikin ƙauyuka, ba sabon gini, a ɗakunan da ake da su. A cikin kowaɗanne 'yan mata 100, an samu ƙarin 52 da suka shiga aji, maza kuma ƙarin 35, har tazarar da ke tsakaninsu wajen shiga makaranta ta rufe. Mutanen su ne dai, aƙidarsu ba ta sauya cikin shekara guda ba, makarantar ce ta matso. A jihar Bihar ta Indiya kuwa, a 2006 gwamnati ta fara bai wa duk yarinyar da ta shiga aji tara kuɗin sayen keke. Nazarin Karthik Muralidharan da Nishith Prakash ya nuna shigar mata sakandare a kan lokaci ta ƙaru da kashi 32 cikin 100, giɓin da ke tsakaninsu da maza ya ragu da kashi 40. Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan shiri shi ne ba yarinya ɗaya aka bai wa keke ba. Da ɗaya ce, da ta zama abin nuni a gari. Da aka ba su duka, sai suka riƙa fita a ayari, tsoron hanya ya ragu, bakin masu gulma ma ya mutu.

Inda ake yaƙi, tsoron ya wuce na hanya. An harbi Malala Yousafzai a kwarin Swat na Pakistan a Oktoban 2012 a cikin motar makaranta. An kwashe 'yan mata 276 a Chibok a Afrilun 2014, sannan 110 a Dapchi a Fabrairun 2018. Ɓarnar irin wannan hari ba ta tsayawa kan waɗanda aka ɗauka. Duk uwar da ta ji labarin a rediyo, ko tana nesa da wurin da ɗaruruwan kilomita, sai ta sake lissafi a kan makarantar kwana. Ƙasashe da dama sun rattaba hannu kan yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙaddamar a Oslo a 2015, amma sa hannu ba ya gina katanga.

Yanzu ga batun aure, wanda shi ne aka fi yin zafi a kansa kuma aka fi sauƙaƙa shi fiye da kima. UNICEF ta ce kimanin 'yan mata miliyan 12 ake aurarwa duk shekara kafin su cika 18. A Nijar kashi 76 cikin 100 ne, mafi yawa a duniya. A Bangaladash kusan rabi ne. Abin da aka saba faɗa shi ne aure ke fitar da yarinya daga makaranta. Yana faruwa. Amma sau da yawa abin a juye yake: yarinyar ta riga ta bar makaranta, ko don babu sakandare kusa, ko don ta faɗi jarrabawa, ko don kuɗi ya ƙare, ta yi shekara ɗaya ko biyu a zaune, sannan iyaye su ga babu abin da take jira. Wanda ya kafa dokar shekarun aure bai gina makarantar da yarinyar za ta zauna a ciki har ta kai shekarun ba, rabin aiki ya yi, kuma rabin mai sauƙi.

Shi kansa auren yana bin tattalin arziƙi ta hanyar da ba kowa ke zato ba. Lucia Corno da abokan aikinta sun nuna cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, inda dangin ango ke biyan dukiyar aure, fari yana ƙara yawan auren wuri, domin gidan da ke cikin yunwa yana samun abin shiga. A Indiya, inda dangin amarya ne ke biya, fari rage shi yake yi, domin babu abin da za a kai. Bala'i ɗaya, sakamako biyu masu karo da juna. Wani nazarin kuma, kan makarantun firamare kimanin 61,000 da Indunusiya ta gina a tsakanin 1973 da 1978, da kuma irin wannan shiri a Zambiya, ya gano cewa ƙabilun da ake biyan dukiyar aure a cikinsu su ne suka fi tura 'ya'yansu mata sababbin makarantun, saboda mai ilimi dukiyarta ta fi yawa. Ba ina yabon wannan ba ne. Ina nuna cewa al'adar da ake zargi da hana karatu a nan, ita ce ta ingiza shi a can, da zarar lissafi ya juya.

Bangaladash ta cancanci a tsaya a kanta. A 1994 ta faɗaɗa shirin tallafi ga 'yan matan sakandare a karkara: gwamnati ta biya kuɗin makaranta, ta ba yarinya ɗan alawus, da sharaɗin ta halarci aji kashi 75 cikin 100 na kwanaki, ta ci wani mizani a jarrabawa, kuma kada ta yi aure kafin ta gama. Ga kuma masana'antun ɗinka tufafi da suka buɗe wa miliyoyin mata aikin albashi. Yau mata sun fi maza yawa a sakandaren ƙasar. Duk da haka auren wuri bai sauka yadda aka yi fata ba. Rajista ta cika, amma da yawa ba sa kaiwa ƙarshe. Wannan gargaɗi ne ga duk mai auna nasara da yawan sunayen da aka rubuta a farkon zango.

Akwai kuma inda hukuma da kanta ce ke korar yarinya. A Saliyo, bayan annobar Ebola ta rufe makarantu na tsawon watanni kuma 'yan mata da yawa suka samu ciki a lokacin, gwamnati ta hana masu ciki komawa aji a 2015. Sai da kotun ECOWAS ta yanke hukunci a Disamban 2019 cewa wannan wariya ce, aka janye dokar a Maris na 2020. A Tanzaniya, Shugaba John Magufuli ya faɗa a 2017 cewa muddin yana kan mulki babu ɗalibar da ta haihu da za ta koma makarantar gwamnati. An ɗage haramcin a Nuwamban 2021, zamanin Samia Suluhu Hassan. A duk waɗannan shekarun, ciki ba mutum ɗaya ke yin sa ba, amma mutum ɗaya ce ke rasa kujerarta.

Afganistan ita ce inda lissafin gida bai da ta cewa, domin dokar gwamnatin Taliban ta rufe ƙofar. A ranar 23 ga Maris 2022, bayan an yi alkawarin buɗe sakandaren mata, 'yan mata suka sa kayan makaranta suka fito da jakunkunansu, wasu har sun zauna a aji, sai umarni ya zo bayan 'yan sa'o'i cewa su koma gida. A Disamban shekarar aka rufe musu jami'o'i. Zuwa Agustan 2024 UNESCO ta ce aƙalla 'yan mata miliyan 1.4 aka hana karatun gaba da aji shida da gangan. Masu son jingina wannan ga addini sai su bayyana dalilin da ya sa babu wata ƙasar Musulmi da ta yi haka, da dalilin da ya sa Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, da Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi suka fito suka yi tir da matakin. A Indunusiya, da Malesiya, da ƙasashen yankin Gulf, mata sun cika jami'o'i, a wasu ma sun fi maza.

Bari in ɗan ratse kan wani abu da ƙungiyoyin agaji ke so ƙwarai, wato rabon audugar mata. Ana yawan cewa jinin al'ada na cikin manyan abubuwan da ke hana 'yan mata zuwa aji. Da Emily Oster da Rebecca Thornton suka bi 'yan mata a Nepal suna rubuta zuwansu kullum, sai suka tarar abin da jinin al'ada ke ci bai kai rabin yini ba a shekarar karatu mai kwana 180, kuma raba musu kayan tsafta bai ƙara halarta ba. Wuri ɗaya ne, ba zai wakilci duniya ba. Banɗaki mai ƙofa da ruwa haƙƙin yarinya ne ko ya ƙara halarta ko bai ƙara ba. Amma abu ne mai sauƙin rabawa da ɗaukar hoto, shi ya sa yake samun kuɗin da ya fi ƙarfin tasirinsa.

Abin da ba shi da sauƙin hoto shi ne ko ana koyon wani abu a ajin. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kashi 70 cikin 100 na yara masu shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimta. A Afirka kudu da Sahara abin ya kusa 9 cikin 10. Wannan ya shafi maza da mata, amma ba daidai yake hukunta su ba. Uwar da ta haƙura da taimakon 'yarta na shekara biyar, sannan ta miƙa mata takarda ta kasa karantawa, me za a ce mata? Namijin za a iya barinsa ya ci gaba da lallaɓawa, ko banza ana sa ran takardar shaida za ta yi masa rana. Macen ita za a fara janyewa. Shi ya sa David Evans da Fei Yuan, da suka tattara nazarce-nazarce masu yawa, suka ga cewa shirye-shiryen da ke gyara makaranta ga kowa suna amfanar 'yan mata kwatankwacin waɗanda aka tsara don mata kaɗai. Iyaye kuma suna lura da ko karatun yana kai wa wani wuri. Robert Jensen ya tura masu ɗaukar ma'aikata na kamfanonin amsa waya zuwa wasu ƙauyuka a kewayen Delhi na tsawon shekara uku, su sanar da cewa akwai aiki ga mace mai sakandare. Ba a yi wa kowa wa'azi ba, ba a raba ko sisi ba. A waɗannan ƙauyuka 'yan mata suka fi daɗewa a makaranta, aure ya jinkirta, har ƙananan ma aka ga an fi kula da cimarsu.

Saura malamai mata. A wurare da yawa iyaye ba za su bar budurwa a hannun malami namiji ba, malama kuma ba ta samuwa a ƙauyen da ba a taɓa yaye mace daga sakandare ba, wadda aka turo daga birni kuwa ba ta zama. Haka abin ke zagayawa: babu malama don babu ɗaliba, babu ɗaliba don babu malama. A lardin Punjab na Pakistan, Tahir Andrabi da Jishnu Das da Asim Khwaja sun gano cewa ƙauyen da gwamnati ta taɓa gina wa sakandaren mata ya ninka sauran sau uku wajen yiwuwar samun makaranta mai zaman kanta daga baya, saboda 'yan matan da aka yaye su ne suka dawo suka zama malamai a garinsu. A Afganistan ana tafiya ne ta ɗaya ɓangaren: tun Disamban 2024 an rufe wa mata har makarantun koyon unguwarzoma da jinya, a ƙasar da mace da yawa ba za ta yarda namiji ya duba ta ba.

Matsalar sakandaren da aka gina yau ita ce malamarta ta farko ba za ta tsaya gaban allo ba sai bayan shekara takwas ko goma. Wa'adin gwamna ko minista shekara huɗu ne ko biyar, shirin masu ba da tallafi kuma yakan ƙare a uku. Taron wayar da kai kuwa ana shirya shi a mako guda, a rubuta rahotonsa a mako na biyu.